Yadda ake kai iyali kwanan daji da tuƙin kwalekwale a tafkunan tsaunukan Adirondack

Hausawan da ke zaune a Bronx ko Harlem, ko wani sashe na birnin New York, da yawansu sun shekara goma ba su san cewa tafiyar awa 5 zuwa 6 a mota, in an miƙi arewa, akwai wani yankin tsaunuka da tafkuna da ya fi jihar Kano faɗi ba. Sunansa Adirondack. An ware shi a 1892, faɗinsa kusan eka miliyan 6, kuma tafkunan cikinsa, manya da ƙanana, sun kai dubu 3. A 1894 aka sa wata doka cikin tsarin mulkin jihar, wadda ta ce filayen gwamnati na wannan daji za su zauna a daji har abada: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba saran katako. Albarkacin wannan dokar ne yau mutum zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa ya kafa tanti a bakin ruwa, a wasu wuraren ma ba tare da ya biya ko sisi ba.

Duk wanda aka yi wa maganar, tambayarsa ta farko ita ce beyar, wannan baƙar dabba mai kama da ƙaton kare. Akwai ta, dubbai ma, kuma za mu zo kanta. Amma abin da ya fi jefa baƙi cikin hatsari a can shi ne ruwa mai sanyi da iskar da ke tasowa wajen azahar. Wanda ya tsara tafiyarsa a kan waɗannan biyun, sauran duk masu sauƙi ne.

Ku fara da zaɓen wata

Kada ku je a watan Mayu ko farkon Yuni. Ganye ya yi kore, wuri ya yi kyau, amma ruwan bai daɗe da narkewa daga ƙanƙara ba, wanda ya faɗa ciki hannuwansa za su sanƙare cikin 'yan mintoci. Lokacin ne kuma na wani ɗan baƙin ƙuda mai cizo, wanda ke shiga ta bayan kunne da wuyan riga ya bar yaro da jini. Yakan lafa zuwa farkon Yuli. Daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta shi ne lokacin iyali. Farkon Satumba ma na da daɗi, sauro ya ragu, mutane sun ragu, sai dai dare da sanyi. Garin Saranac Lake, wanda shi ne cibiyar wannan tafiya, ya yi suna wajen sanyin dare a duk faɗin Amurka, ko a Agusta ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 10 na Salshiyos kafin asuba.

Wurin kwana: kada a fara da tsakiyar daji

Iri biyu ne. Akwai sansanonin da hukumar kula da muhalli ta jihar, wato DEC, ke gudanarwa, inda mota ke kai ku har inda za ku kafa tanti, ga famfo, ga banɗaki, ga wurin wanka. Fish Creek Pond da maƙwabcinsa Rollins Pond, a kan hanya mai lamba 30 tsakanin Saranac Lake da Tupper Lake, su ne suka fi dacewa. Fish Creek na da wuraren tanti sama da 300, akasarinsu a bakin ruwa, amma akwai jiragen inji da hayaniya. Rollins ya fi natsuwa, kuma ni shi nake zaɓa wa mai ƙananan yara. Ana kama wuri ta intanet a shafin ReserveAmerica, ana buɗewa wata 9 kafin ranar, kuma wuraren bakin ruwa na Yuli da Agusta ba sa jimawa. Wanda ke son Agusta, tun Nuwamba zai zauna gaban kwamfuta.

Iri na biyu su ne wuraren da sai da kwalekwale ake isa. Ba famfo, ba wuta, sai fili da da'irar duwatsu ta hura wuta, wani lokaci da masai na katako a bayan itatuwa. Kyauta ne, wanda ya riga zuwa shi ke da wuri. Za ku gane su da wani ɗan faifai ruwan ɗorawa mai hoton tanti da aka manna a jikin bishiya. Inda babu wannan alama, doka ta ce a ja da baya ƙafa 150, wajen mita 45, daga ruwa ko hanya. In za ku wuce kwana 3 a wuri ɗaya, ko kun kai mutum 10, sai da izinin jami'in gandun daji.

Tafiyar farko a yi ta a iri na farko, a riƙa fita da kwalekwale da safe ana dawowa. In yara sun saba, tafiya ta biyu a gwada Follensby Clear Pond, wanda ake shiga daga gefen titin 30 ba tare da doguwar ɗauka ba. Sai a ta uku a shiga yankin St. Regis, mai tafkuna sama da 50, inda aka hana jirgin inji gaba ɗaya. A can tsakanin tafki da tafki sauka ake yi a ɗauki kwalekwale a ka a ratsa daji. Daga Little Clear Pond zuwa St. Regis Pond kusan kilomita 1 ne, kuma da kaya da yara sai an yi sawu biyu ko uku. Long Pond, ta hanyar Floodwood, ɗaukarsa gajeriya ce, shi ya fi sauƙin farawa. Babban tafkin Upper Saranac kuwa a bar wa gwanaye, faɗinsa na tara igiyar ruwa.

Kaya

Ba sai kun sayi kwalekwale ba. A Saranac Lake da kewaye akwai shagunan haya da ke ba da jirgi da filafilai da rigunan kariya masu hana mutum nitsewa a ruwa, wasu har da tanti da jakar barci, kuma sukan ɗaura muku jirgin a kan mota ko su kai shi bakin ruwa. Iyali mai manya biyu da yara biyu ƙanana, jirgi mai tsawon ƙafa 17 ya ishe su. In yaran uku ne ko sun girma, a ɗauki jirgi biyu. Ku sayi taswirar tafkunan a shagon, irin wadda ruwa ba ya ɓatawa, domin waya ba ta samun sabis a mafi yawan wuraren.

Maganar tufafi ce ke bukatar a tsaya. Auduga, in ta jiƙe, ba ta bushewa da wuri, kuma tana zuƙe ɗumin jiki. Shadda da atamfa a bar su a mota don ranar komawa. A cikin jirgi a sa kayan motsa jiki masu saurin bushewa, da rigar ulu ta dare, da rigar ruwa ga kowa. Uwargida ta sa wando a ƙasa da doguwar riga mara nauyi wadda ba ta kai idon sawu ba, da ɗan ƙaramin hijabi da za a cusa bakinsa cikin rigar kariya. Dogon hijabi mai jan ƙasa, in aka kife, nannaɗe ƙafa da hannu yake yi. Kowane yaro a ware masa cikakken kayan canji a jakar da ruwa ba ya shiga, kuma kada a taɓa su sai ta ɓaci. Sai tocila ta ɗaurawa a goshi, usur ga kowane mutum, ashana cikin leda, ƙaramin murhun gas, igiya doguwa, maganin sauro, da akwatin magani. Buta kuma ba sai an tuna wa Bahaushe ba, amma ku zo da taku, ba za ku samu a shagunan can ba.

Naman halal a saye shi tun daga Bronx ko Albany, a daskarar da shi, a ci shi a daren farko da na biyu. Bayan nan sai busassun kaya: shinkafa, taliya, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, kifin gwangwani, kayan shayi. Itacen wuta kuwa kada ku ɗauko daga gida. Dokar jihar ta hana kai ɗanyen icen da ba a gasa ba fiye da mil 50, wato kilomita 80, daga inda aka sare shi, saboda ƙwarin da ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawo, waɗanda suka riga suka kashe miliyoyin itatuwa a Amurka. Ana sayar da ice ɗauri-ɗauri a gefen hanya kusa da sansanonin.

Rigar kariya da shiga jirgi

Dokar New York ta wajabta wa duk yaron da bai kai shekara 12 ba sa rigar kariya a ƙaramin jirgi, kuma daga 1 ga Nuwamba zuwa 1 ga Mayu kowa ma dole ne ya sa. Ku wuce abin da doka ta ce: babba da yaro, gwani da ɗan koyo, ba mai taka jirgi sai da riga a ɗaure. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma yawancinmu da muka tashi nesa da Kwara ko Binuwai ba mu iya iyo ba. Rigar yaro da nauyinsa ake zaɓenta, an rubuta a ciki. Ta ƙanana tana da maɗaurin da ke bi tsakanin ƙafafu, a ɗaure shi. Gwajin shi ne a kama kafaɗun rigar a ɗaga yaron: in ta zame ta haye kunnuwansa, ta yi masa yawa, a canza.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman shi ne goyo. Kada uwa ta goya jariri a baya a cikin jirgi, komai kukansa. In jirgi ya kife, rigar uwa za ta ɗago ta fuskarta sama, wato abin da ke bayanta yana ƙasa. Yaro ya zauna a ƙasan jirgi tsakanin ƙafafun babba da tasa rigar. Wanda ya yi ƙanƙantar da babu rigar da ta kama shi, shi da mai riƙonsa su zauna a tudu.

Ana loda jirgi yana kan ruwa, ba a kan yashi ba. Kaya masu nauyi a tsakiya, a shimfiɗe a ƙasa, kada su ɗara bakin jirgin. Wanda ya fi iya tuƙi ko ya fi nauyi ya zauna a baya, shi ke juya jirgi. Ɗayan babban a gaba, yara a tsakiya a zaune dirshan a kan 'yar katifa. Mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, a sunkuye, hannu biyu a bakin jirgi hagu da dama, ƙafa a daidai tsakiya, ɗaya kuma na riƙe da jirgin. Tun a tudu a gaya wa yara doka biyu: ba miƙewa tsaye, ba leƙawa gefe ɗaya gaba ɗaya don an ga kifi.

Na gaba da na baya suna tuƙi a gefe daban-daban. Ɗan koyo zai ga jirgin na ta karkata zuwa gefen da na baya ba ya tuƙawa. Maganinsa, a ƙarshen kowane ja, na baya ya murɗa wuyan hannunsa na sama har babban yatsa ya kalli ƙasa, ya ɗan tura fatar filafilin waje. Awa ɗaya a ruwa mara zurfi ta isa a kama hannu. A ranar farko, kusa da gaɓa inda ruwa ke iya ƙugu, ku kifar da jirgin da gangan ba kaya a ciki, kowa da rigarsa. Yara za su ɗauke shi wasa, amma sun koyi cewa riga na ɗaga su, kuma jirgi ko ya cika da ruwa ba ya nitsewa, don haka shi ake riƙewa, ba a barinsa a ce za a yi iyo zuwa tudu.

A kan ruwa

Tafkunan tsauni da safe lumui suke, sai wajen azahar iska ta taso. Ku yi sammako, ku gama tafiyar ranar kafin ƙarfe 1. Da ƙananan yara awa 2 ta isa, da tsayawa a tsakani. Ku bi gefen gaɓa ko da ya fi nisa, kada ku yanke ta tsakiya. In fita za ku yi ku dawo, ku fara da fuskantar iska, don ta turo ku gida lokacin da kuka gaji. In igiyar ruwa ta taso, a sa hancin jirgi ya tare ta a ɗan karkace, kada a ba ta gefe, manya su sauka daga kujera su durƙusa. Da zarar an ga farin kumfa a kan igiyar, tudu mafi kusa za a nufa a jira. In kuma aka ji tsawa, ko daga nesa, a fita daga ruwa nan take, kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake jin ta ba.

A mashigar tafkuna da yawa akwai akwati da littafin rajista. Ku rubuta suna da yawanku da inda kuka nufa da ranar fitowa, shi jami'ai ke fara dubawa in an nemi wani. Wani ɗan'uwa a gida ma ya san ranar da ya kamata ya ji muryarku.

Yaron da ya jiƙe ya fara rawar ɗari, ko ya yi shiru yana magana a harɗe, a cire masa jiƙaƙƙun kaya nan da nan, a sa busassu, a sa shi cikin jakar barci, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari in yana iya sha.

Ruwan sha, bayan gida, salla

Komai garai-garai ɗin ruwan tafki, a tafasa shi minti 1 cur ko a tace da matatar da aka yi don haka, saboda ƙwayar cutar gudawa da dabbobi ke bari a ciki. Wanke-wanke da wanka da sabulu ba a yin su a tafki: a ɗebo ruwa a yi nisan nan na mita 45. Inda babu masai, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya a irin wannan nisa, a yi tsarki a kansa, a rufe. Ƙunzugun yara na leda a ƙulle a fito da shi.

Alƙibla daga can arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, don haka a duba ta tun waya na da sabis a riƙe alama. A sauke jadawalin salla ma tun a gari. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan 8:45 na dare, asuba kuma na yin wuri ƙwarai. Nisan ya kai na ƙasaru.

Beyar da sauran masu gida

Beyar ba mutum take nema ba, abinci take bi, kuma hancinta ya fi na kare nisa. Duk abin da ke da ƙamshi abinci ne a wurinta: kilishi, man gyaɗa, man goge baki, turare, sabulu, shara, har tukunyar da ba a wanke ba. Ko alawa ɗaya kada ta kwana cikin tanti, a laluba aljihun yara kafin barci. A sansanin mota, komai ya koma but a kulle. A daji, abin da ya fi shi ne gwangwanin roba mai tauri da beyar ba ta iya buɗewa, ana ba da hayarsa, a aje shi a ƙasa wajen taku 40 daga tanti. A gabashin yankin manyan tsaunuka na High Peaks dole ne a yi amfani da shi daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Nuwamba. Wanda ba shi da shi sai ya rataye jaka da igiya, mita 4 daga ƙasa, nesa da jikin bishiya, amma beyar ɗin can sun san igiya. Girki ma a yi shi nesa da wurin kwana. In kun yi kiciɓis da ita, ba a gudu. A tara yara a baya, a tsaya tare, a ɗaga hannuwa, a yi hayaniya, a ja da baya a hankali, a bar mata hanya. Ba ta abinci laifi ne a dokar jihar, kuma wadda ta saba da abincin mutane sau da yawa ƙarshenta harbi ne.

Da dare za ku ji wani kuka mai tsawo daga tsakiyar ruwa, wani sa'in kamar dariya. Ku gaya wa yara tun da rana don kada su firgita: tsuntsu ne, sunansa lun, mai baƙin kai da jan ido da zanen fari da baƙi a baya. Ƙafafunsa can baya suke, gwanin nutso ne amma ba ya iya tafiya a tudu, shi ya sa yake sheƙa dab da bakin ruwa. Ƙwai biyu yakan yi, ya kwanta kusan mako 4, 'ya'yan kuma a bayan iyaye suke hawa. In jirgi ya matso, uwar na barin ƙwai, hankaka ko wani maƙiyi ya samu. In kuka ga ya miƙe a kan ruwa yana fiffika yana ihu, ba wasa yake muku ba, kun matsa masa ne, ku ja baya. Cikin abubuwan da ke kashe shi kuwa akwai dalmar fatsa. Yana haɗiye tsakuwa don niƙa abinci, sai ya haɗa da dalmar da ta tsinke, guda ɗaya ta isa. Jihar ta hana sayar da ƙananan dalmomin tun 2004, amma tsofaffi na nan a akwatunan mutane. Ku sayi na ƙarfe ko na kuza, ku kwashe duk zaren da ya tsinke.

Mai son fatsa, in ya kai shekara 16, sai da lasisi. A tafkunan St. Regis ba a ɗana fatsa da ƙananan kifaye, don kada baƙon kifi ya shiga ya kori na asali. Waɗannan kifaye sun sha wuya: hayaƙin tashoshin kwal na tsakiyar Amurka ya daɗe yana saukowa nan cikin ruwan sama mai asid, har binciken da aka yi a tafkuna sama da 1,400 tsakanin 1984 da 1987 ya tarar kusan ɗaya cikin huɗu babu kifi. Bayan gyaran dokar tsabtace iska a 1990 ruwan ya fara farfaɗowa. Zaibar da hayaƙin ya bari dai tana nan a jikin manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, don haka ku duba gargaɗin ma'aikatar lafiya ta jihar kafin a ba yara ko mai ciki.

Sauran dabbobi kallo ne kawai: barewa, zalɓe, gaggafa, karen ruwa, da biba mai datse rafi da itace, wadda mafarauta suka kusa ƙararwa kafin a dawo da ita a farkon shekarun 1900. Da sassafe ko dab da magariba suka fi fitowa, in yara sun iya yin shiru.

Ranar tashi

A zuba wa wuta ruwa, a motsa tokar, a ƙara zubawa, sai an iya taɓa ta da hannu. A sa yara su zaga su tsince komai, har ɓawon lemo da ƙwayar shinkafa, sharar duka ta biyo ku. Kafin a ɗora jirgi a mota, a cire duk ciyawar da ta manne, a zubar da ruwan ciki, a bar shi ya bushe kafin ya shiga wani tafki, domin guntun baƙuwar ciyawa ɗaya na iya tsirowa ya shaƙe tafki guda. Ku sa hannu a littafin rajista cewa kun fito.

Sai duba kaska, wanda ya kamata a riƙa yi kowane dare, a kuma maimaita a gida. Kaskar can ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi, tana ɗauke da cutar Lyme, kuma galibi sai ta kwana guda ko fiye a manne kafin ta sa cutar. A duba bayan kunne, cikin gashi da kitso, hammata, cibiya, matsematsi da bayan gwiwa. In an gani, a kama ta da ɗan hantsaki dab da fata a ja a miƙe, kada a ƙona ta ko a shafa mata mai. In cikin makonnin da suka biyo baya zazzaɓi ya zo, ko wani zagayayyen tabo mai faɗaɗa ya fito, wanda a baƙar fata yakan yi duhu maimakon ja, a je asibiti a gaya wa likita inda aka kwana.